Daddawar Batso da Ganyen Cikin Dutse

Tun da na dawo ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni: "Ilu, wai da gaske ka ga ganye a cikin dutse?" In na kai barkono kasuwar Malumfashi, mai saye ya manta da barkonon ya kama tambaya. Har surukina, da ba ma haɗa ido don kunya, ya aiko a tambaye ni ko mutanen can suna da wutsiya. To, bakina ya gaji. Tun da ga ku kun cika zauren, zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda bai zo ba ku kai masa. Kai kuma Tanko, in ka katse ni zan tashi in bar muku tabarmar.

Wasunku ba su yi wayo ba lokacin da yayana Garba ya bar garin nan, don haka daga nan zan fara. Garba shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta. Bayan rasuwar Baba suka sami saɓani da Baffa a kan gonar gandu, magana ta yi zafi, Garba ya saɓa gatarinsa ya fita. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Me za ta ce? Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban fuskarsa a gaban mutane ba. Ko Garba majemi da ke bayan gidanmu, "mai sunan wancan" take ce masa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har muka daina ƙirgawa. Sai bara wani bafatake ya kawo labari cewa ya gan shi can gabas da Lere, a gindin duwatsu inda ake haƙar kuza. Ya ce kuma wai aljanu sun taɓa shi, yini yake yana fasa duwatsu yana leƙa cikinsu.

A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Na dama ya riga ya tafi, na hagun ne ke ɗan gani, shi ma sai rana ta ɗaga. Na san abin da ke cin ta a rai: kada hasken ya ƙare ba ta sake ganin ɗanta ba. Kowa a gidan ya sani, ba dai mai iya faɗa, ita kuwa ko za a sa mata wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

Da muka gama zuba dawa a rumbu sai ta kira ni.

"Ilu, an ce kuza na araha a gabas. Ga zaren da na kaɗa, ka kai ka musanyo mana."

Na ce, "Inna, me za mu yi da kuza? Gidanmu ba maƙera ba ne."

Ta ce, "Kai dai bakinka ya fi ƙafarka sauri. Tashi ka nemi ayari."

Ranar tafiya ta miƙo mini guzuri, dakuwa da garin gero, sai kuma wani lefe da aka ɗaure bakinsa da tsumma. Tun kafin in taɓa shi hancina ya gaya mini ko mene ne. Daddawar batso ce, curi-curi, lefen cike fal. Duk garin nan an san ni da batso ba ma ga maciji. Tun ina yaro in an sa ta a miya, gara in kwana da yunwa. Mai suɗe akushi ranar da aka yi ta, Garba ne.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

"Guzurinka ne."

"Kin san ba na ci."

"Hanya za ta koya maka."

Na ɗora wa jakina, na biya wajen Malam na karɓi rubutun aljanu a ɗan gora, na kama hanya.

A Funtuwa na iske ayarin da zai bi ta Zariya zuwa Bauci. Madugun wani gajere ne mai suna Ɗanjuma, murya kamar ta mutum uku. Yana zagaya kaya yana duba ɗauri, da ya iso kaina ya tsaya ya shaƙi iska, ya ce, "Wa ya ɗauko mana mushe?" Na yi masa bayani. Ya ce to ni da jakina mu koma can ƙarshen ayari. Na ce, "Madugu, ai baya nan ne 'yan hari ke fara tsinta." Ya ce, "Shi ya sa. In 'yan Maraɗi suka biyo mu, warin kayanka zai mayar da su gida." Haka na yi tafiyar, gabana gindin jakuna, bayana daji, kowane kututture na gani sai in ɗauka mahayi ne. Ina tafe ina roƙon Allah ya raba ni da lefen nan.

Allah kuwa ya ji, ya kawo mini hanyar rabuwa. Inda ƙasar Katsina ta ƙare aka shiga ta Zazzau akwai wani rafi, a hayinsa masu karɓar kuɗin hanya suna zaune gindin tsamiya, kowane kaya sai an kwance sun ɗebi rabonsu. Babbansu wani mai tumbi ne. Ya zura hannu a mangalata, ya jawo lefen, ya ɗaga tsumman, sai na ga fuskarsa ta washe. Ashe maye ne na batso. Ya ce rabonsa da irin wannan tun rasuwar kakarsa, ba ya son komai nawa, lefen kawai zan bari in wuce.

Ku ji ikon Allah. Ni da na kwana na tashi ina tsine wa abin nan, sai ga ni na riƙe lefe da hannu biyu ina cewa sai dai a kashe ni. Ya ja, na ja. Madugu yana daga gefe yana dariya har da riƙe ciki. A ƙarshe mai tumbi ya dubi kaina ya ce hular ma ba laifi. Sabuwar hula ce, matata ta sa aka ɗinka mini don tafiyar. Na cire na ba shi. Kun dai san sanƙona, rana ta yi ta gasa shi har ƙofar Zariya.

Zariya gari ne, ba na ja. Ganuwarsu sai ka ɗaga kai, rimaye kuwa ko'ina, kasuwa ta cika ta batse. Mun sauka gidan wani fatoma mai kirki, amma matarsa ta ce ita da lefena ba za su kwana gida ɗaya ba. Aka rataye shi a reshen ɗurumi a ƙofar gida. Gari na wayewa ungulaye suka yi layi a kan katanga, maƙwabta suka fara shigowa suna tambayar wa ya rasu. A nan na fara cin doya da manja. Ta yi daɗi a baki, sai dai ba ta riƙe ciki irin tuwon dawa, kafin azahar yunwa ta dawo tana gaishe ni.

Daga Zariya muka yi gabas. Akwai wani babban kogi a hanya, ruwan damina bai gama janyewa ba. Su can ba jirgi suke fito da shi ba, masaki ne ƙato, ka zuba kayanka ciki, ka rungume shi, mai fito ya yi iyo yana tura ka. Ni kuwa ruwan da na sani shi ne na rijiyar gidanmu. Na ɗora lefen a ka, na kama masaki da hannu ɗaya, na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Jakina ya riga ni hayewa, ya tsaya yana kallona. Zaren Inna ya jiƙe sharkaf, daddawa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

A Lere na rabu da su Madugu. Ana ta maganar Ningawa sun tare hanyar gaba, su suka tsaya jiran labari, ni na bi wasu masu kai kanwa da gishiri wajen mahaƙa. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Ka hau, ka ce ka iso, sai ka ga wani tudun a gabanka. Itatuwa suka yi ta raguwa har ya zama ciyawa ce kawai da duwatsu. Sanyin wurin ba irin namu ba ne, ruwan alwala ma cizo yake yi.

Mutanen dutse kuma, a gaya wa surukina, ba su da wutsiya. Ƙananan dawaki gare su, suna hawa ba sirdi ba linzami, su bi gangaren da ni da ƙafa ma sai na dafa. Ƙerana, tsiron nan mai ƙaya, suke shinge da ita, doguwa, ƙofar gari ɗaya tak, saboda masu kamun bayi sun koya musu rashin yarda da mai riga. Mu dai mun shiga don masu kanwar suna da amana da su. Matansu ganye suke ɗaurawa. Ni na sunkuyar da kai don kunya, su kuma suka kewaye ni suna taɓa babbar rigata suna dariya, aka fassara mini wai suna tambaya ko ɗakina ne na ɗauko a jiki.

Wata tsohuwa ta kawo mini ƙwarya cike da wani abu mai ruwa-ruwa da yakuwa a ciki. Na yi godiya na ajiye a gabana, na wanke hannu, na zauna ina jiran tuwo. Na jira har abin ya huce. Tsohuwar tana leƙowa tana komawa, ranta ya fara ɓaci. Sai ɗaya daga cikin masu kanwa ya zungure ni ya ce, "Malam, sha za ka yi. Gwaten acca ne, ba wani tuwo da ke zuwa." A gidanmu in aka ba baƙo miya ba tuwo ai an gama da shi, su kuwa karramawa ce. Na shanye na nemi ƙari, muka shirya da tsohuwa.

Daga nan muka isa zangon mahaƙan, Hausawa ne, Kanawa da Zazzagawa. Yashi suke wankewa a ƙwarya, baƙin tsakin da ya kwanta a ƙasa shi ne kuzar, su narka da zugazugi su zuba ta siri-siri kamar tsinken tsintsiya. Na tambayi inda Garba Bakatsine yake. Suka ce, "Garba mai ganye?" suka yi dariya, suka nuna mini wani kwazazzabo can sama.

Na same shi a tsugune, wuƙa a hannu. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Na yi sallama, ya ɗago, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Auta, ina hularka?" Abin da ya fara fita bakinsa ke nan bayan shekarun nan duka. Muka gaisa. Ya tambayi kowa, har da karen gidan Tanko. Na gaya masa Baffa ya rasu, gonar da aka yi faɗa a kanta ciyawa ta cinye rabi. Ya yi masa addu'a. Inna ce ta ƙarshe da ya tambaya, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Na miƙa masa goran rubutu na ce na aljanu ne. Ya ce daman ƙishirwa yake ji, ya shanye, ya ce, "Zo ka ga aljanun."

Bangon kwazazzabon laka ce mai ruwan toka da ta taurare, hawa-hawa kamar an jibge tabarmi. Ya ce yana haƙa ne don ya kai ga yashin kuza da ke ƙarƙashi, wani falle ya tsage a hannunsa, tun ranar bai sake zama daidai ba. Ya ɓanɓaro wani, ya sa bakin wuƙa a gefe, ya ɗan buga. Dutsen ya rabu biyu kamar an ɓare goro.

Jama'a, ganye ne. Ba zane ba, ba kama ba, ganye da jijiyoyinsa duka, da ɗan karansa, shatinsa a wannan ɓari da wancan. Har inda tsutsa ta ci ta bar huda ana gani. Launinsa ja-ja ne lokacin da ya buɗe, ina cikin kallo iska ta buge shi ya fara baƙi yana ɓarɓashi. Garba ya yi maza ya tsoma gashin kaza a ruwan ƙaro ya shafe shi. Ya ce in ba a yi haka ba, kafin la'asar ya zama ƙura.

Bukkarsa ba wurin sa ƙafa, duk su ne. Ya jera su kashi biyu. Kashi ɗaya manya ne masu faɗi, gefensu sumul, da tsini a baki, har da wasu irin na tukurwa da giginya. Ya ce irinsu ya gani a kurmin kudu, ƙasar zafi da ruwa. Ɗaya kashin ƙanana ne, gefensu da haƙora-haƙora. Wani tsoho cikin mutanen dutse, abokinsa, ya taɓa hawa da shi can ƙololuwa inda sanyi ya fi tsanani, ya nuna masa 'yan itatuwa masu ganye kusan haka a wani lungu. Wasu kuma ba wanda ya san su, har tsohon. Sai ya ɗauko wani falle ya ɗora mini a cinya. Ga na ƙasar zafi, ga na ƙasar sanyi, ɗaya kwance a kan ɗaya.

Ya ce, "Yau in kana son ka tsinki waɗannan biyun, sai ka yi tafiya mai nisa tsakaninsu. Amma ga su, daji ɗaya suka faɗo. Dubi waje, ko sandar kiwo ba za ka samu ka yanka ba. Nan kurmi ne a da, Auta, a bisa tudun nan."

Na ce ai ruwan Ɗufana ne, na zamanin Annabi Nuhu. Ya ce Allah ne masani, shi dai abin da ya lura, ambaliya yayyaga ganye take yi, waɗannan kuwa a hankali suka kwanta, irin yadda ganye ke nutsewa a tafki da kaka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman na gida. Ba kuka, ba ɗorawa, ba kaɗanya. Na ce to mutanen wannan daji da me suke miya? Ya ce wataƙila lokacin ba a yi masu miyar ba tukuna. Na yi a'uziyya na matsa gefe, amma ba zan ɓoye muku ba, washegari ni na riga shi zuwa kwazazzabon. Abin yana da shiga rai. Kowane falle ka buɗe, kai ne mutum na farko da ya gan shi.

Da na ga hankalinsa ƙalau yake, sai na ce, "Yaya, mu tafi gida."

Ya ce, "Ita ta ce in zo?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Kuza ta aiko ni saye."

Fuskarsa ta rufe. Ya ce, "Ranar da na fita, ko kai ba ta ɗaga ba."

"Ka san al'ada, Yaya."

"Na sani. Sanin bai hana shi ciwo ba."

Na gaya masa maganar idon, cewa saura ɗaya, shi ma yana tafiya. Ya ɗauki wuƙarsa ya koma rami. Na yi kwanaki ina binsa da magana, in na ɓullo ta nan ya toshe, in na ɓullo ta can ya nuna mini wani ganye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata safiya na ɗaure wa jaki kaya, na je inda na ɓoye lefen nan a kogon dutse saboda mahaƙa sun hana ni shiga zango da shi, na kawo na dire a gabansa. Na ce, "Saboda wannan aka mayar da ni ƙarshen ayari, saboda shi na rasa hulata, na kusa nutsewa a kogi. Ba zan koma da shi ba. Ka ci ko ka ba ungulu."

Ban kwance tsumman ba, ya riga ya ji. Ya zauna a ƙasa. Ya buɗe, ya ɗauki curi ɗaya yana juyawa, shatin babban yatsanta na nan a kai inda ta danna.

"Me ta ce da ta ba ka?"

"Ta ce guzurina ne."

Ya dube ni, ni Ilu da ko wucewa ba na yi ta inda ake dafa ta. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, dariyar ta tsaya hawayen ba su tsaya ba. Ranar ya kaɗa miya duk zangon ya ɗauka. Ni dai gwate na sha.

Rigimar da ta rage ta zaɓen duwatsu ce, don jaki ɗaya gare mu. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, kamar mai rabuwa da 'ya'ya. Sauran ya bar wa tsohon abokinsa. Waɗanda muka ɗauka muka naɗe su da zaren Inna, wanda har yau ban musanya da komai ba. Duk da haka yawancinsu sun farfashe kafin mu haye kogi. A bakin iyaka muka iske mai tumbi, hulata a kansa. Ya kwance kaya ya ga duwatsu naɗe cikin zare, ya dube ni, ya dubi Garba, ya ce mu wuce, Allah ya ba mu lafiya. Falle ɗaya ne ya iso gida lafiya, mai na zafi da na sanyi tare.

Da hantsi muka shigo. Inna tana tsakar gida da mazarinta. Garba ya tsuguna can bakin ƙofa ya gaishe ta. Mazarin ya tsaya. Ba ta juya ba, ni ta fuskanta.

"Ilu, ka dawo? Ina kuzar?"

"Babu, Inna."

"Zaren fa?"

"Ga shi, dutse muka naɗe da shi."

Ta wanke ni tas. Ba sunan da ba ta kira ni ba, sakarai, mai kan jaki, wanda aka aika kasuwa ya dawo da tsakuwa. Matan gida sun taru, wasu na dariya wasu na share ido. Ni kuwa na jawo mata Garba tun daga bayan duniya, ga shi tsugune a ƙofarta, ga mutane cike da gida, kuma na san ba za ta dube shi ba.

Na ce, "Inna, ba dutsen banza ba ne. Ganye ne a cikinsa."

Ta ce, "A kawo in gani."

Na miƙa hannu zan ɗauko, ta ce, "Kai da hannunka ke rawa? Tukwane nawa ka fasa mini? Mai abu ya riƙe abinsa."

Garba ya taso ya durƙusa a gabanta da fallen a hannu.

"Ilu, ce masa ya matso inda rana take."

Ya matso.

"Ya ɗaga. Idona ba ya ganin ƙasa. Sama kaɗan. Ya ƙara."

Ya yi ta ɗagawa har dutsen ya zo daidai kumatunsa. Ta karkato da idon hagu. Shi kuma ya kama bayani, murya can ƙasa, wannan na ƙasar zafi ne, wannan na sanyi, ga inda tsutsa ta ci. Tana cewa, "Uhm. Uhm." Ni ina gefe, na ga inda idon yake kallo, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya gani.

Dutsen da nauyi. Bayanin ya ƙare, ya soma saukewa a hankali.

Ta ce, "Ilu, ce masa kada ya sauke tukuna. Ban gama gani ba."